Karsanar da Falalu Ya Mayar

Sunan Falalu a bakin faɗa na fara jin sa. Ina 'yar shekara goma sha ɗaya ko sha biyu, ina tsugune bakin randa ina wanke ƙwarya, sai na ji babana Attahir ya ɗaga murya a ƙofar ɗakin Iya. Iya kakata ce, Mariyama, ita ta haifi babana, kuma kafin ranar ban taɓa jin ya ɗaga mata murya ba.

"Falalu fa kika ce, Iya? Ɗan mutumin da ya ci akuyar mutane?"

"Uban ne ya ci, ba ɗan ba," in ji Iya. "Shi ma uban yunwa ce ta sa shi. Kai lokacin kana goye a bayana, me ka sani?"

"Karsana ce fa, ba kaza ba."

"Tawa ce ko taka?"

Baba ya karkaɗe rigarsa ya fita. Washegari aka ɗaura wa karsanar igiya aka kai ta wata 'yar tunga gabas da garinmu, nan cikin ƙasar Olalewa. Ja ce, da fari a goshi, shi ya sa Iya take kiran ta Wule.

Habbanaye aka ba shi. Daga Fulani muka koye shi, ya zama namu. Mai dabba yakan ba wanda ba shi da ita mace guda, ya kiwata. A garinmu in ta haihu sau biyu, 'ya'yan nasa ne, sai ya mayar da uwar. Ba a ɓoye ake mayarwa ba. Da rana tsaka ake zuwa da ita, da sabuwar igiya a wuya, a bi ta gaban masallaci kowa ya gani. In cuta ta kashe ta, ba a bin ka komai, Allah ya karɓi abinsa. Amma in ka yanka ko ka sayar, ba a kai ka gaban mai gari, ba a zagin ka. Ba dai a sake ba gidanka ko da tunkiya, har jikokinka.

Abin da ya sami gidansu Falalu ke nan. A babbar yunwar da tsofaffi ke ambato, ubansa ya yanka akuyar habbanaye ya ba 'ya'yansa. Falalu ya tashi yana ganin ana kai awaki gidajen maƙwabta ana tsallake nasu. Ya yi aure, ya haifi ɗa, bai taɓa ɗaure dabba a turkensa ba sai da Iya ta aika masa da Wule.

Daga nan ya zama ɗan gida. Dogo ne, siriri, mai wushirya, in yana dariya sai ya dafe ƙeya. Duk Juma'a yakan biyo ya durƙusa a ƙofar Iya ya ba ta labarin Wule kamar mai kawo labarin amarya: ta ci kaza, ta ƙi kaza, jiya ta kori jakin maƙwabci. Ni kuwa "Madam Lakwal" yake ce mini, wato 'yar makarantar boko, tun da aka kai ni kwalej a Tanut.

"Madam Lakwal, yaya ake ce wa saniya da Faransanci?"

In na faɗa masa sai ya maimaita, ya girgiza kai. "Haba Kawu," in ce, "ai ba haka ba ne." Ya ce, "Bar su, mutanen da suka ba saniya wannan suna ba su taɓa tatsar ta ba."

Gonarsa ƙarama ce, jigawa, ba ta kai su rabin shekara. Da damina yana barema, wato noma a gonakin mutane a biya shi. Da rani yana ja wa makiyaya ruwa a rijiyoyi masu zurfi. Da bazara, in ciyawa ta ƙare ƙaƙaf, yakan hau gawo ya kaɗo wa Wule 'ya'ya, ya sayi dusa kafin ya sayi ganyen shayinsa. Matarsa Husaina takan ce da dariya, ita dai a gidan nan bayan Wule take. Haihuwar fari Wule ta ba shi maraƙi namiji. Ran nan da ƙafa ya zo da gudu, ko takalmi babu, ya kawo wa Iya labari.

Tramol a gonar barema ya same shi. Ba a rana ake biya ba, fili ake yanka wa mutum, in ya gama ya karɓa ya wuce gaba. Samarin da suke noma tare suna jefa ƙwayoyin a butar shayi da safe, sai su yi ta tura hauya har la'asar ba su ji rana ba. Ba wanda yake kiran sa ƙwaya a lokacin, maganin gajiya ake cewa, kuma a kan tebur ake sayar da shi tare da ashana da sukari. Falalu ya ga yaran da ya girme su suna gama fili biyu kafin ya gama ɗaya. Yana da baki uku a gida da baki biyu a turke. Ya miƙa kofi.

Ba zan ce ga ranar da muka lura ba. Ya dai rame, ya daina cin tuwo, yana yawan susa, dariyar ta ragu. Wata Juma'a ya zo ya gaida Iya ya tashi bai ambaci Wule ba, Iya ta bi shi da kallo har ya fita. Sai ranar da ya faɗi a kasuwa, jiki na karkarwa, kumfa a baki. Aka ce iskokin rijiya ne. Aka yi rubutu, aka yi turare, aka yanka zakara, 'yan awakin da Husaina ta tara da saƙar tabarma suka tafi ɗaya bayan ɗaya. Ya sake faɗuwa a gona. Da aka kai shi Tanut, majo, babban malamin asibitin can, ya dube shi ya tambayi Husaina nawa yake sha a rana. Ta ce ba ta ƙirga ba, amma kwalin da ya saya da safe ba ya kwana.

Suka fara gwada ta gida. Shi da kansa ya ce a kulle shi a ɗaki. Kafin kwana biyu zawo da amai sun zube shi, yana zufa yana rawar sanyi a tsakiyar bazara, yana cizon tabarma saboda ciwon ƙashi. Husaina ta ji tsoro ta aika aka sayo masa. Majo ya ce wannan ba aikin gida ba ne, a kai shi Damagaram, inda za a janye masa abin a hankali likita na kallo.

Lokacin na gama kwalej ina zaune gida. Iya ta ce in bi Husaina, tun da ba ta taɓa zuwa birni ba kuma takardun asibiti duk da Faransanci ake rubuta su. Maraƙin Wule, wanda ya zama ɗan bijimi, halal ɗin Falalu ne, shi aka sayar muka yi guzuri. Ɗansu Mato aka bar shi wajen Iya.

Ɓangaren da aka kwantar da shi shi ne na masu taɓin hankali. Da Falalu ya ga wani ɗaure da zane a jikin gado, ya juyo ya ce mini, "Madam Lakwal, gaya musu ni ba mahaukaci ba ne, manomi ne." Likitan, wata mace mai sanyin magana, ta ji Hausa sarai, ta ce, "Rabin ɗakin nan manoma ne, Malam. Kwanta."

Kwanakin farko ba na son tuna su. Yana hamma ba ta ƙarewa, hawaye da majina suna zuba, ƙafafunsa suna harbi da kansu. Ya roƙi Husaina, ya zage ta, ya sake roƙon ta. Ya ce mini in fita bakin ƙofar asibiti, duk mai tebur ɗin da na gani yana da shi, guda ɗaya tak. Na ce a'a, ina kuka. Ana yi masa ƙarin ruwa, ana allura, ana ba shi abin hana faɗuwa. Mu masu jinya a gindin bishiya muke zama cikin harabar, kowa da murhunsa da tabarmarsa, ana aron gishiri ana tambayar juna jiki.

Kowace safiya kuma da takardarta. Ba a sa wa mutum ko auduga sai an sayo. In karɓi takarda in tafi farmasi, in dawo da leda, Husaina ta kwance bakin zane ta sake ɗaurewa, ƙullin yana ƙanƙancewa. Ga kuɗin gado, ga awon jini, ga itace da ruwa, abin da a gida ba a saye. Kuɗin bijimi bai kai mu ko tsakiyar jinya ba. Likita ta ce mana gaskiya: jikin ya fara saki, amma in aka tsaya nan aikin banza aka yi, yana bukatar wasu makonni, sannan ya riƙa dawowa ana duba shi.

Husaina ta sayar da 'yan kunnenta da tasoshin aurenta da ta aika aka kawo. Suka tafi cikin kwana kaɗan. Na kira gida a wayar babana, na ce a ba Iya. Ta saurara har na gama.

"A sayar da Wule," ta ce.

"Iya, tana da ciki fa. Haihuwa ɗaya ta rage."

"Na sani, ni na ba da ita. Saniya ba ta fi rai ba. Ki gaya wa Husaina na yafe duniya da lahira. Amma kada ku gaya masa sai ya warke, na san halinsa."

Wani ƙanen Husaina ya je tunga ya kwance Wule daga turken Falalu ya kai ta kasuwar Bakin Birji. Bazara ce, dabba ba ta da daraja, dillalai kuma sun san mai sayarwa a matse yake. Aka ce motar fatake ta ɗauke ta zuwa kudu a ranar. Muka ce wa Falalu 'yan'uwa ne suka haɗa.

Kuma ya fara warkewa, wannan shi ne abin da ke ci mini rai har yau. Ya soma shan fura, ya roƙi tuwo da miyar kuka. Yana fitowa gindin bishiyarmu da hantsi ya zauna, yana tsokanar wani tsoho ɗan Mirya mai jinyar ɗansa. Wata rana ya dafe ƙeya ya yi dariya, Husaina ta juya baya ta share ido. Yana lissafin cikin Wule da yatsu, yana cewa kafin ya koma ta kusa, Allah ya sa mace ce, ta zama ta Mato.

Sai Ila ya zo dubiya. Ila taubashinsa ne, ɗan kawunsa, tsakaninsu ba a gaisuwa sai da zagi. Yaron mota ne a hanyar Agadas, ya biyo ta gari ya ji labari, ya sauka da burodi da dabino a leda. Tun daga nesa ya fara.

"Ina bawan nan nawa? Kai, dubi wuya! An ce asibiti aka kawo ka, ashe gidan kiwo ne."

"Ka zo ka ɗauki buta ka zuba mini ruwa, ɗan baiwa," in ji Falalu yana dariya. "Wa ya bar ka ka shigo cikin mutane?"

"Mutane? A ɗakin mahaukata? Ni dai ban taɓa ganin hadama irin taka ba. Mutane suna shan nono a ƙwarya, kai ka shanye saniya sukutum ta jijiyar hannu, har da ɗan cikinta."

Ila yana jiran a rama masa. Ya ɗauka Falalu ya sani, tun da duk gari an sani. Husaina ta saki ludayi cikin tukunya. Falalu bai dubi Ila ba, ni ya duba.

"Samira," ya ce. Bai taɓa kiran sunana ba sai ranar. "Wace saniya?"

Na gaya masa duka, na ce Iya ce da bakinta ta ba da umarni, ta kuma yafe. Na maimaita masa kalmominta.

"A waya ta faɗa?"

"A waya, Kawu."

"Wa ya ji?"

"Ni na ji."

"Ke kika ji. Gari kuwa me ya gani? Ya ga an kwance ta daga turkena an nufi kasuwa." Ya murza tafin hannunsa. "Ubana akuya ya ci. Ni na ci saniya."

Ila ya durƙusa yana rantsuwa bai sani ba, yana cewa a tsine wa bakinsa. Falalu ya ce masa ya tashi, ai taubashi ba ya laifi.

Washegari ya nemi sallama. Hadari ya fara haɗuwa a gabas, damina na bakin ƙofa, kuma kuɗin barema a noman fari yake. Likita ta zaunar da shi ta yi masa magana mai tsawo. Ta ce abin da aka biya bai ƙare ba, ya tsaya ya cinye shi. Ta ce jikinsa yanzu ya manta da ƙwayar, in ya koma ya sha yadda ya saba tana iya kashe shi. Ya ce ya ji, ya gode, ba zai sha ba. Husaina ta kama ƙafarsa a gaban mutane ta ce, "Malam, in ka fita yanzu an sayar da Wule a banza." Ya ce, "In na kwanta ma a banza ne, kwanciya ba ta sayen saniya." Ya dangwala yatsa a takardar da ke cewa da kansa ya tafi. Ragowar kuɗin ya ƙi taɓawa, ya ce a kai wa Iya.

Da muka koma gida, Iya ta aika aka kira shi. Ta yi masa faɗa a gaban babana da liman, don a sami shaidu, ta ce ita ta sa aka sayar, ba ta bin sa ko gashin wutsiya. Liman ya ce magana ta ƙare. Falalu ya ce to. Amma a bakin rijiya na ji da kunnena wata mata tana cewa, "Tsohuwa dai ta rufa musu asiri. Gado ne, ba a raba su da shi." Shi ma ya ji irin ta, ba sau ɗaya ba.

Ya yi ƙoƙari, wannan zan faɗa ko a gaban wa. Noman fari ya fara shi ba ƙwaya, Husaina ta shaida. Sai dai hauya ta yi masa nauyi, kafin azahar ƙafafunsa na rawa, fili ɗaya yana kai shi kwana biyu. Masu gona suka fara tsallake shi suna ɗaukar samari. Ranar komawarsa asibiti ta zo ta wuce, ba kuɗin mota, ba kuma ranar da zai bari. Kafin a shiga maimai sai aka ga yana gama fili biyu a yini. Ba wanda ya tambaya, kowa ya gane.

Bayan girbi bai zauna ba, ya wuce kwarin Tarka jan ruwa wa masu raƙuma. Ba ya aiko da komai gida sai ɗan abin da ba a rasa ba, Husaina da Mato a rumbun Iya suka ci rani. An ce ya faɗi sau biyu a can, makiyayan suka ja shi daga bakin rijiya.

Bazara ta zagayo. Wata Juma'a ana fitowa daga masallaci sai ga Falalu ta hanyar yamma, yana jan karsana. Daga kasuwar Balbeji ya taho da ita a ƙasa, don kada kuɗin mota ya rage masa. Ja ce, amma ba fari a goshinta, ya ce ya duba kasuwa uku bai samu ba. Igiyar wuyanta sabuwa fil, shi ya tufka ta a hanya. Bai ratse ba, ya bi ta gaban masallaci a hankali, yana gaida mutane ɗaya bayan ɗaya da sunansu. Rigarsa kamar an rataye a kan kara, leɓɓansa sun tsage.

Iya ta fito ƙofar gida da sanda. Ta dubi karsanar, ta dube shi, ta daɗe.

"Wa ya aike ka, Falalu? Na ce maka na yafe."

"Kin yafe, Iya. Ga igiya."

Ba ta so karɓa ba. Babana ne ya matso, shi da ya yi faɗa ranar farko, ya karɓi igiyar da hannu biyu ya ce da ƙarfi yadda na nesa za su ji, "Amana ta dawo. Allah ya sa albarka." Jama'a suka ce amin. Iya ta shige ɗaki, ba ta ci abinci ba ranar.

Ta so a sayar da wannan ma a mayar da shi asibiti. Falalu ya yi dariya ya ce sai dai a yi ta zagaye ke nan har shanun Damargu su ƙare. Ya ce akwai sauran kuɗinsa wajen masu raƙuma, zai je ya karɓo, da shi zai koma Damagaram da ƙafarsa, ba da dabbar kowa ba. Na yarda da gaske yake. Ya koma Tarka. Kafin ruwan farko ya sauka aka aiko cewa ya faɗi a bakin rijiya yana karɓar guga, kansa ya bugi siminti. A can aka rufe shi, mu sai gaisuwa muka karɓa.

Husaina tana nan a tunga, tana saƙar tabarma. Mato ya fara tsayi irin na ubansa, har da wushiryar. Karsanar ta haihu a turkenmu, Iya ba ta ba ta suna ba har ta rasu, "ta Falalu" kawai muke ce mata.

Ranar da ya kawo ta, bayan mutane sun watse, na kai masa ruwa a zaure. Ya karɓa da hannu biyu. Ya sha, ya ajiye kwanon, ya ce in zauna.

"Madam Lakwal, Iya ta tsufa, babanki kuma mantuwa gare shi. Ke ce mai riƙe magana a gidan nan. Wata rana Mato zai girma ya tsaya a ƙofar wani yana neman akuya ko karsana, wani kuma zai ce ai gidansu ci suke yi. Don Allah ko kina gidan miji a wani gari, in kin ji, ki zo. Ki ce kina tsaye aka miƙa igiya."